Ƙaramin Garin Da Ya Gayyaci Duniya Waƙa

Ya kai mai karatu, in ka duba taswirar Birtaniya za ka ga yankin Wales a yammacin Ingila. Can wajen arewa maso gabashinsa akwai wani ɗan gari a bakin kogin Dee, tuddai sun kewaye shi, ana ce masa Llangollen. Mutanensa ba su kai dubu biyar ba, wato akwai ƙauyuka a ƙasarmu da suka fi shi jama'a. Sunan nasa ma na ikkilisiya ne, gama a harshensu farkon kalmar yana nufin harabar majami'a, ƙarshenta kuwa sunan wani bawan Allah ne na zamanin dā mai suna Collen, wanda ake danganta kafa majami'ar garin gare shi. A wannan ɗan wuri ne, tun daga 1947, dubban mawaƙa daga ƙasashe masu yawa suke taruwa kusan kowace shekara. A yanzu cikin watan Yuli ake yi: da rana a yi gasa, da dare a yi shagalin waƙa. Ina so ka san yadda abin ya faro, domin tushensa yana cikin ɗakunan sujada, kuma gwajin da ya fi kowanne tsanani a tarihinsa gwaji ne na gafara.

Mutanen Wales suna kiran irin wannan taro eisteddfod, kalmar da ta fito daga kalmarsu ta zama. Al'ada ce tsohuwa. An rubuta cewa a 1176 wani basarake mai suna Rhys ya tara mawaƙa da makaɗa a fadarsa da ke Cardigan, ya sa suka gwada gwaninta, ya ba waɗanda suka yi nasara kyautar kujera. Amma waccan gasa ta maroƙan fada ce, kowa yana nuna bajintarsa shi kaɗai. Waƙar taro, inda mutum ɗari za su haɗa murya su zama kamar baki ɗaya, daga baya ta zo, kuma ta ƙofar majami'a ta shigo.

Ga yadda aka yi. A 1588 William Morgan ya kammala juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Wales, har talaka ya sami Maganar Allah cikin harshen da uwarsa ta yi masa reno da shi. A ƙarni na 18 aka yi babbar falkaswa a ƙasar, ta haifi marubuta waƙoƙin yabo, babbansu shi ne William Williams na Pantycelyn, wanda ya rayu daga 1717 zuwa 1791, ya kuma rubuta ɗaruruwan waƙoƙi. Waƙoƙi dai sun samu, amma rera su da kyau wani aiki ne dabam. Wani mai wa'azi, John Roberts, wanda aka fi sani da Ieuan Gwyllt, ya ga yadda jama'a suke rerawa kowa da tasa hanya, sai ya wallafa littafin muryoyin waƙoƙin sujada a 1859, ya dinga tara ikkilisiyoyi wuri ɗaya domin su koyi rerawa da muryoyi huɗu. A daidai wannan zamani kuma wata hanya mai sauƙi ta karatun waƙa ta bazu, wadda wata malama a Ingila, Sarah Glover, ta ƙago, wani fasto mai suna John Curwen ya gyara ta ya yaɗa. Ka san ta sarai, mai karatu: ita ce do, re, mi da malamin mawaƙanku yake rubutawa a allo ranar koyon waƙa. Hanyar da ta koya wa mahaƙan kwal na Wales waƙa, ita ce masu mishan suka kawo mana.

Abin da ya biyo baya abin mamaki ne. Mutanen da suke wuni cikin ramin kwal, ko suna fasa dutse a kan tudu, da yamma sai su wanke jiki su tafi ɗakin sujada su koyi waƙoƙi masu wuya waɗanda a wasu ƙasashe sai 'yan fada suke ji. A 1872 wani maƙeri, Griffith Rhys Jones, wanda ake yi wa laƙabi da Caradog, ya ɗebi mawaƙa fiye da ɗari huɗu daga kudancin Wales ya kai su Landan, suka ci babbar gasa a zauren Crystal Palace, suka sāke ci a 1873. Tun daga nan ake kiran Wales ƙasar waƙa.

Sai yaƙi ya zo, yaƙin nan na Hitila da kakanninmu suka tafi har Bama saboda shi. Jamus ta mamaye yawancin Turai, gwamnatocin ƙasashe da dama suka yi gudun hijira zuwa Landan. Akwai wani ma'aikacin hukumar British Council, Harold Tudor, ɗan arewacin Wales, wanda a 1943 ya shirya wa waɗansu daga cikin waɗannan baƙi ziyara zuwa babban eisteddfod na ƙasa da aka yi a Bangor. Mutanen da suka rasa ƙasarsu suka zauna suna sauraron talakawa suna waƙa a tsakiyar yaƙi, abin ya taɓa zuciyarsu. Da aka gama yaƙi Tudor ya kai shawara ga shugabannin taron na ƙasa, cewa a buɗe ƙofa ga mawaƙan sauran ƙasashe. Ba su karɓa ba, gama suna fama da tayar da nasu taron. Bai yi zuciya ba. Ya sami mutum biyu a Llangollen da suka ba da gaskiya ga shawarar: W. S. Gwynn Williams, masanin kiɗa da waƙa, da George Northing, malamin makaranta kuma jigo a majalisar garin. A 1946 aka kira taron gari, jama'a suka amince, suka tara kuɗi daga aljihunsu.

Ka tuna irin zamanin da ake ciki. A 1947 abinci a Birtaniya da kati ake sayensa, har burodi sai da awo, ga shi sun fito daga wani hunturu mai tsanani ƙwarai. Garin ba shi da masaukai da za su ɗauki baƙi masu yawa, saboda haka aka rarraba su gida gida, kowane iyali ya ɗauki abin da zai iya. Masu gida ba su jin harshen baƙi, baƙi ba su jin na masu gida, abincin ma ba yawa. Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ana gab da buɗe taro a watan Yuni sai ma'aikatan jirgin ƙasa na Faransa suka shiga yajin aiki, hanyar da yawancin baƙi za su bi ta toshe. Masu shiri suka zauna cikin zulumi, kada a kafa rumfa a shirya kujeru ba wanda ya zo. Sai ga mota ta iso ɗauke da ƙungiyar mata mawaƙa daga birnin Porto na Fotugal. Waɗansu ma'aikata mawaƙa daga Hungari kuma jirginsu ya tsaya a Basel, suka ci gaba da tafiya suna roƙon masu mota a hanya har suka iso. Matan Fotugal suka ci gasar mata, mutanen Hungari suka ci ta maza. Zumunta a ƙafa take, in ji masu magana, ga kuwa waɗanda suka nuna haka a zahiri.

Yanzu ka dakata tare da ni a kan shekarar 1949, gama a ganina nan ne aka auna bikin a ma'auni. Karɓar baƙo daga ƙasar da kuka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da ita, ko wadda ba ta shiga yaƙin ba, ba wani abin a zo a gani ba ne. A wannan shekara kuwa, shekara huɗu tak bayan an ajiye makamai, wata ƙungiyar mawaƙa ta taso daga birnin Lübeck na Jamus. Ka yi tunanin waɗanda suke zaune a cikin rumfar nan. Jiragen Jamus sun yi dare uku a jere suna ruwan bama-bamai a kan birnin Swansea a watan Fabrairu na 1941, mutane fiye da ɗari biyu suka mutu. Wata guda kafin wannan, bam ya lalata babbar majami'ar Llandaff a Cardiff. Akwai gwauraye a wurin, akwai iyayen da 'ya'yansu ba su komo ba.

Su ma baƙin da nasu tabon suka zo. A daren 28 ga Maris na 1942, wayewar Lahadin da ikkilisiya take tunawa da shigar Yesu Urushalima, jiragen Birtaniya suka cinna wa tsohon birnin Lübeck wuta. Majami'ar Maryamu, inda mashahurin makaɗin nan Buxtehude ya yi hidima, wanda Bach yana saurayi ya yi doguwar tafiya da ƙafa domin ya saurare shi, ta kama da wuta. Ƙararrawanta suka faɗo daga hasumiya suka farfashe a ƙasa. Har yau suna nan inda suka faɗa, an bar su haka domin tuni. To, waɗannan mutane biyu, kowa yana da gawar da zai iya nuna wa ɗan'uwansa, su ne za su haɗu ƙarƙashin rumfa ɗaya.

Mawaƙan Jamus sun iso da fargaba, ba su san irin tarbar da za a yi musu ba. Masu aikin sa kai suka tarbe su da shayi da ɗan abin taɓawa. Mai gabatarwa a dandali kuwa shi ne Hywel Roberts, wanda ɗan'uwansa ya mutu a yaƙin. Da lokacinsu ya yi, ya tsaya a gaban jama'a ya roƙe su su marabci waɗannan mutane, ya kuma kira su abokai. Jama'a suka amsa da tafi. Ban ɗauka cewa kowane mutum a rumfar nan ya gafarta a ranar ba. Zuciya ba ta warkewa da umarnin mai gabatarwa. Amma wanda ya fi kowa dalilin yin shiru shi ne ya fara buɗe baki, kuma bayan ya yi haka ya zama da wuya wani ya ce nasa raunin ya fi ƙarfin a yi maraba.

Bayan shekara huɗu, a 1953, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci bikin, yara daga garin Obernkirchen na Jamus suka zo, da yawansu marayun yaƙi ne, ƙarƙashin malamarsu Edith Möller. Suka ci gasar yara, waƙarsu ta shiga rediyo, a shekara mai zuwa tana cikin waƙoƙin da aka fi sayen faifansu a Birtaniya. A 1955 kuma ƙungiyar maza daga Modena ta Italiya ta zo ta ɗaya, a cikinta akwai wani mai gasa burodi da ɗansa mai shekara 19. Yaron shi ne Luciano Pavarotti, wanda daga baya duniya duka ta san muryarsa. Ya sha faɗa cewa wannan nasara ce ta ƙarfafa shi ya bi hanyar waƙa, ya kuma komo garin ya rera a 1995. Kofin babbar gasar bikin, inda zakarun rukuni dabam dabam suke karawa, sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

Wataƙila ka tambaya, kamar yadda dattawa sukan tambaya a kan gasar mawaƙa ta gundumominmu, ko gasa da salama suna iya zama gida ɗaya. Tambaya ce mai nauyi, gama mun ga ƙungiyar da ta bar fili da fushi domin an ba wata maki ɗaya fiye da ita. A Llangollen ma alƙalai ne suke zama su ba da maki, wani ya yi murna, wani ya koma hannu banza bayan tafiyar kwanaki. Amma da zaman jawabi a kan zaman lafiya aka kira, ina shakkar ko ma'aikatan Hungari za su tsaya bakin titi suna roƙon mota. Abin da ya sa su a hanya shi ne suna da abin da suka yi wata da watanni suna gyarawa, suna so a ji shi a kuma auna shi da gaskiya. Alƙalin da ya saurari Bajamushe ya ba shi makin da ya cancanta ya girmama shi fiye da wanda ya ji tausayinsa kawai.

Bikin bai hana yaƙi ba, kada mu ƙara masa abin da ba nasa ba. Ƙofarsa ma ba kullum take buɗe daidai ga kowa ba, gama a waɗansu shekaru ƙungiyoyi daga Afirka da Asiya sun yi shiri sun gama, aka hana su biza, laifin da ba na garin ba ne. Duk da haka ya girma: aka ƙara gasar raye-rayen gargajiya, yaran garin suka riƙa gabatar da saƙon salama kowace shekara, a 1992 aka buɗe babban zaure mai ɗorewa a filin da dā ake kafa rumfar tanti.

A 2004 aka gabatar da sunan bikin domin kyautar zaman lafiya ta Nobel. Bai samu ba. Wanda ya gabatar da shi shi ne Terry Waite, jakadan Babban Bishop na Kantabari, wanda ya tafi Beirut a watan Janairu na 1987 domin ya roƙi a saki waɗanda aka yi garkuwa da su, sai shi ma aka kama shi. Ya yi kwana 1,763 a tsare, yawancinsu shi kaɗai, ɗaure da sarƙa, ba mai yi masa magana, har aka sake shi a watan Nuwamba na 1991. Daga baya mutanen Llangollen suka naɗa shi shugaban bikinsu, ya riƙe wannan matsayi fiye da shekara goma.