Shekara 23 Ana Neman Kalmar "Idan": Wani Tarihi Daga Yaren C++

Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau za mu leƙa tarihin yaren kwamfuta da ake kira C++. Ko ba ka taɓa rubuta manhaja ba, ka taɓa amfani da shi, domin da shi aka gina babban ɓangare na Chrome da Firefox, da injin wasannin bidiyo na Unreal. Labarinmu na wata 'yar ƙaramar kalma ce, "idan", da yadda masu wannan yare suka kwashe shekara 23 kafin su samu hanyar faɗinta a sauƙaƙe.

Bari mu fara da shimfiɗa, don mu tafi tare. Abin da mai rubuta manhaja ya rubuta, kwamfuta ba ta gane shi kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani, kwamfaila, wadda aikinta na tafinta ne: ta karanta rubutun mutum ta juya shi zuwa yaren inji. Saboda haka lokaci biyu ne. Akwai lokacin fassara, a kan kwamfutar wanda ya rubuta. Akwai kuma lokacin aiki, a wayarka ko kwamfutarka. Duk shawarar da aka yanke tun a lokacin fassara, wayarka ta huta da ita: ba za ta ɓata lokaci ko caji wajen sake tambaya ba. To ka ga dalilin da ya sa mutane suka daɗe suna son su tura shawara can baya, tun kafin manhaja ta fito.

Yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970, yana da tasa dabarar, wato #ifdef. Wannan almakashi ne kawai. Kafin kwamfaila ta fara karatu, sai a yanke wani yankin rubutun a bar wani. Yana aiki, har yau ma ana amfani da shi, amma makaho ne: bai san lamba ba, bai san rubutu ba, abin da aka ce ya yanke shi yake yankewa.

A 1979 wani ɗan ƙasar Danmak, Bjarne Stroustrup, ya fara faɗaɗa yaren C a nan Bell Labs ɗin. A 1983 aka raɗa wa abin suna C++. Zuwa 1991 kwamfailarsa ta samu wani sabon abu da ake kira tamfulet. Ka ɗauki tela da ya yanke samfurin riga a kwali sau ɗaya: yau ya ɗora shi a kan shadda, gobe a kan yadi, samfurin bai canza ba. Haka tamfulet take. Ka rubuta aiki sau ɗaya, misali jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, ka bar gurbin nau'in abin a buɗe. Ranar da aka kawo lambobi, kwamfaila ta fitar da na lambobi. Ranar da aka kawo sunaye, ta fitar da na sunaye. Iyakar niyyar kenan a farko, a daina maimaita rubutu.

Sai 1994 ta zo. A wani zaman kwamitin da ke daidaita dokokin yaren, wani Bajamushe mai suna Erwin Unruh ya zo da wata 'yar manhaja. Abin mamaki, manhajar ba ta ma fassaruwa. Kwamfaila na karantawa sai ta dinga zubo saƙonnin kuskure. Amma idan ka duba saƙonnin da kyau, a cikinsu za ka ga 2, 3, 5, 7, 11, wato jerin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ka gane abin da ya faru? Tafinta aka sa ya yi lissafi, ba tare da an taɓa kunna manhajar ba. Mutanen da suka tsara tamfulet da hannunsu ba su yi nufin ta iya haka ba. A 1995 Todd Veldhuizen ya wallafa rubutu kan wannan salo, a 2003 kuma ya nuna cewa a ƙa'ida duk lissafin da kwamfuta za ta iya, tamfulet ma za ta iya shi tun a lokacin fassara.

To ina matsalar take? Bari in ba da misali. Ka rubuta tamfulet guda da za ta karɓi ko lamba ko rubutu. Kana so ka ce: idan rubutu ne, ƙirga haruffansa, idan lamba ce, ninka ta biyu. Sai ka yi amfani da "idan" ta yau da kullum, wato if. Nan take kwamfaila za ta ƙi. Dalili kuwa, ita "idan" ta yau da kullum a lokacin aiki ake yanke hukuncinta, don haka dole kwamfaila ta fassara rassan biyu duka. Idan aka kawo lamba, za ta isa reshen da ke cewa a ƙirga haruffa, ta ce lamba ba ta da haruffa, shi kenan aiki ya tsaya. Reshen da ba za a taɓa bi ba shi ne ya tare hanya.

Tun da ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai mutane suka koma bi ta taga. Dabara ta farko ita ce a raba aikin gida-gida, a rubuta tamfulet ta musamman ga kowane nau'i. Ta biyu ta fi wayo. Akwai wata doka a yaren da ke cewa idan kwamfaila ta gwada cusa wani nau'i a gurbin tamfulet ya ƙi shiga, kada ta yi ihu, ta ajiye wannan ta gwada na gaba. David Vandevoorde ne ya yi wa dokar laƙabi da SFINAE, sunan ya bazu ta littafin da suka fitar da Nicolai Josuttis a 2002. Sai masana suka fara haddasa gazawar da gangan, don su tilasta wa kwamfaila ta bi hanyar da suke so. A 2003 Jaakko Järvi da Jeremiah Willcock da Andrew Lumsdaine suka tattara dabarar a wani kayan aiki mai suna enable_if, ya shiga rumbun Boost, daga baya ya shiga dokar yaren kanta a 2011.

Abin yana aiki, ba a musu. Amma fa a duba kuɗin da aka biya. Maganar da a baki jimla ɗaya ce, a rubuce ta koma layuka masu cike da alamomi, an warwatsa ta wuri uku ko huɗu. Ka yi ɗan kuskure, kwamfaila ta zubo maka saƙon da ya fi shafi guda, ka rasa kansa ka rasa gindinsa. A hankali sai aka samu aji biyu a cikin masu yare ɗaya: 'yan tsiraru da ke rubuta irin wannan, da sauran jama'a da ke amfani da shi suna fatan kada ya lalace a hannunsu. Littafin Andrei Alexandrescu na 2001, Modern C++ Design, ya nuna nisan da za a iya zuwa da waɗannan dabaru, kuma ya nuna irin zurfin da mutum zai yi kafin ya kai can.

An so a gyara tun da wuri. Akwai wani babban shiri da ake kira concepts, wanda zai bari ka faɗa ƙarara irin nau'in da tamfulet ɗinka ke karɓa. An yi shekaru ana aikinsa, amma a watan Yulin 2009, a zaman birnin Frankfurt na Jamus, kwamiti ya cire shi daga daftarin, saboda ya yi nauyi kuma bai nuna ba.

Ana cikin haka, wani yaren na gefe, D, wanda Walter Bright ya ƙirƙira, ya riga ya samu tasa "idan" ta lokacin fassara, static if. A 2012 Bright da Alexandrescu da Herb Sutter suka kawo shawarar a shigo da irinta cikin C++. A 2013 Stroustrup da kansa, tare da Gabriel Dos Reis da Andrew Sutton, suka rubuta martani mai zafi suna adawa. Wannan gardama ita ce zuciyar labarin, kuma kowane ɓangare na da hujja. Masu shawara suna cewa jama'a na shan wahala, ga magani an gwada shi a wani yaren ya yi aiki. Masu adawa suna cewa a yadda aka kawo shi, reshen da aka watsar ba za a ma duba ko nahawunsa daidai ne ba, kuma za a iya dasa shi ko'ina, har ya canza siffar abu gaba ɗaya. Hakan zai wahalar da kayan aikin da ke bincika manhaja, ya kuma yi wa aikin concepts zagon ƙasa. A ganinsu, tsohon almakashin nan ne zai dawo da sabuwar riga.

Shawarar ta faɗi, amma buƙatar ba ta mutu ba. Ville Voutilainen, ɗan ƙasar Finlan, ya dawo da ita a rage, Jens Maurer ya tsara lafazin dokar. A watan Yunin 2016, a zaman birnin Oulu na Finlan, aka amince, ta fito a dokar 2017 da sunan if constexpr. Sulhun da aka yi shi ne: a cikin aiki kawai za a rubuta ta, ba ko'ina ba, dole rassan biyu su kasance da nahawu mai kyau, amma a cikin tamfulet, idan sharaɗin ya dogara da nau'in da aka kawo, reshen da ba a zaɓa ba kwamfaila ba za ta gina shi ba. Misalinmu na ɗazu, na lamba da rubutu, yanzu layi huɗu ko biyar ne, kuma ɗalibin da ya yi wata uku yana koyo zai karanta ya gane. Shi ma concepts ya dawo a dokar 2020, a sigar da ta fi ta farko sauƙi.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, tsakanin 1994 da 2017 kwamfaila ba ta samu wani sabon ƙarfin lissafi ta wannan fuska ba. Ƙarfin yana nan tun ranar da Unruh ya nuna lambobinsa. Abin da aka kwashe shekarun ana fafutuka a kai shi ne wa zai iya amfani da shi. Kuma jinkirin bai tafi a banza ba, domin adawar 2013 ce ta sa abin da aka samu ya zo da iyaka da tsari.

Ga masu koyon C++ a cikinku, shawara biyu. Idan za ka rubuta sabon abu, fara da if constexpr da concepts, ka tabbata ka gaya wa kwamfailarka ta yi aiki da dokar 2017 ko ta 2020. Amma kada ka tsallake enable_if gaba ɗaya, domin tsofaffin manhajoji cike suke da shi, kuma ranar da aka ba ka gyaransu sai ka iya karanta shi. Idan kuma ka ci karo da shi kanka ya ɗaure, kada ka ce kai ne ba ka da ƙwaƙwalwa. Manyan yaren da kansu sun ga wahalar, shi ya sa suka canza.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani ya ajiye a ƙasa, za mu duba. A tura wa abokai masu sha'awar harkar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.