Yadda ake zaɓen na'urar hangen nesa don ɗaukar hoton faɗin sararin sama

Na'urorin hangen taurari iri biyu ne manya. Akwai mai tara haske da madubi, akwai mai tara shi da gilashi irin na tabarau, wadda ake kira lunette astronomique da Faransanci. Wannan ta biyun ita ce masu ɗaukar hoton faɗin sama suka fi saye, domin ba ta da nauyi, bututunta a rufe yake, kuma ba ta buƙatar a riƙa daidaita madubai kowane dare. Sai dai kaya ne mai tsada da ake odarsa daga waje, kuma mayar da shi ga mai sayarwa wahala ne. Don haka lissafi kafin saye ya zama dole.

Asalinta

A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar irin wannan na'ura. A 1609 Galileo na Italiya ya ƙera tasa ya juya ta sama. Matsalar na'urorin farko ita ce gilashi guda ba ya tara dukan launukan haske a wuri ɗaya, sai a ga tauraro da zoben shuɗi kewaye da shi. A 1758 John Dollond na Ingila ya samu rajistar haɗin gilashi biyu da ke rage wannan aibi. Daga baya aka kai ga nau'in da ake kira apo, wanda ke tara ja da kore da shuɗi kusan a wuri guda.

Lambobi uku da ake dubawa

Ta farko ita ce faɗin bakin gilashi. Don hoton faɗin sama, milimita 50 zuwa 80 sun wadatar.

Ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin gilashi da inda haske ke taruwa, wato focale. Ita ce ke yanke girman yankin da zai shiga hoto, kuma gajeriyar tazara ita ke ba da faɗi. Lissafin ba wuya: a raba faɗin farantin da ke kama haske cikin kyamara da wannan tazara, a ninka da 57,3. Farantin da ake kira APS-C yana da faɗin milimita 23,5 ko kusa da haka. Da tazarar milimita 250 zai ɗauki digiri 5,4. Da ta 400, digiri 3,4. Da ta 1000 kuwa, digiri 1,3 kawai.

Idan aka gwada da abin da ake son ɗauka, sai a gane dalili. Cikakken wata rabin digiri ne. Kaza da ƴaƴanta sun kusa digiri 2. Taron taurarin Andromeda, da haskensa ke tafiyar shekara miliyan 2,5 kafin ya iso duniya, tsawonsa ya kai digiri 3, wato wata shida a jere. Wanda ya sayi doguwar na'ura yana ganin ta fi ƙarfi, tsakiyar Andromeda kawai zai samu.

Ta uku ita ce lambar da ake rubutawa f/5 ko f/7, wato tazarar a raba da faɗin baki. Ƙaramar lamba na nufin saurin tara haske: abin da f/5 za ta ɗauka cikin awa ɗaya, f/7 sai ta yi kusan awa biyu.

Gilashi biyu, uku ko huɗu

Na'urar gilashi biyu ta talaka tana da kyau ga kallo da ido, amma kyamara na tona asirin launinta. Mafi ƙarancin abin da ya dace shi ne gilashi biyu mai alamar ED, kamar Evostar 72ED ta kamfanin Sky-Watcher, mai baki 72 da tazara 420. Mai gilashi uku, kamar Esprit 80ED mai tazara 400, ta fi tsabtar launi, ta kuma fi nauyi da tsada.

Dukansu biyu suna da aibi ɗaya: taurarin tsakiya su fito zagaye, na kusurwa su miƙe kamar ƙwayar shinkafa. Maganinsa ƙarin gilashi ne da ake sawa gaban kyamara, correcteur de champ, wanda yawanci ke son tazarar milimita 55 daidai zuwa farantin. Mai saye ya tambaya ko yana cikin farashi. Tsarin Petzval, da ya samo suna daga Joseph Petzval wanda ya zana shi a Viyana a 1840, yana ɗauke da wannan gyara a cikinsa. Misalinsa RedCat 51 ta William Optics, mai tazara 250 da f/4,9.

Mazauni ya fi gilashi muhimmanci

Sama na juyawa digiri 15 a kowace awa, hoton taurari kuma minti-minti ake buɗe masa kyamara. Dole ne a ɗora na'urar a kan mazauni mai inji da ke bin juyawar, monture équatoriale. Gilashi mai tsada a kan mazauni mai rawa asarar kuɗi ne. Ƙaramin mazauni irin Star Adventurer kilo 5 aka rubuta yana ɗauka, kuma gara kada a cika shi. Gajeriyar tazara na ɓoye ƙananan kurakuran inji, doguwa kuwa ƙara su take yi.

Abin da ya shafi kudancin Nijar

Ana saita mazaunin da tauraron arewa, wanda tsayinsa a sama daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya. A Yamai da Maraɗi kusan digiri 13,5 ne, a Damagaram kusan 14, a Tawa kusan 15. Ƙasa-ƙasa ke nan, inda katanga ko hazo ke iya rufe shi, kuma ba kowane mazauni ke sunkuyawa har can ba. A duba wannan a takardar kayan tun kafin a biya.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Rufaffen bututu na taimakawa, amma gilashin gaba a hura masa iska da famfon roba, kada a goge shi da riga, don yashi na karce shi. Ƙarshen damina, kafin hazon hunturu ya sauka, sama ta fi tsabta, kuma a lokacin Andromeda da Kaza suna sama sosai. Yankin na da wata riba kuma: gajimaren taurarin Karina, da mutanen Faransa ba sa gani ko kaɗan, yana leƙowa ta kudu a watannin bazara.

Ga mai farawa, na'urar ED ko Petzval mai tazarar 250 zuwa 420 ta isa, sauran kuɗin kuma a sa su a mazauni mai ƙarfi.