Gwajin DNA da Neman Asali: Abin da Ƙasusuwan Misirawa, Kan'aniyawa da Finikiyawa Suka Bayyana

Kamfanonin da ke gwajin asali ta hanyar yawu sun bazu a intanet, har wasu na yi wa masu hulɗa da su alƙawarin gaya musu kaso nawa na jininsu ya fito daga Misirawan zamanin Fir'auna, ko Kan'aniyawa, ko Finikiyawa. Mutum zai biya kuɗi, ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika, bayan 'yan makonni a turo masa sakamako da taswira da alƙaluma. Tambayar ita ce ko kimiyya ta kai matsayin da za ta iya cika irin wannan alƙawari.

Ilmin nazarin ƙwayoyin gadon mutanen dā ya ci gaba ƙwarai a shekaru 15 da suka wuce, kuma ya faɗi abubuwa masu nauyi game da waɗannan al'ummu uku. Sai dai abin da ya faɗa game da al'umma dungurungum daban ne da abin da zai iya faɗa game da mutum guda.

Yadda ake karanta gadon

Kundin DNA na ɗan Adam ya ƙunshi haruffa kimanin biliyan 3, kuma duk mutane biyu a duniya sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na waɗannan haruffa. A ɗan ragowar nan ne ake laluben asali. Hanyoyin kuwa uku ne. Akwai kuromosom na Y, wanda ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa, shi ma daga nasa mahaifin. Akwai DNA na mitokondiriya, wanda kowa ke gada daga uwa kaɗai. Sai sauran kundin, wanda ke gaurayuwa daga uwa da uba a kowace haihuwa. Na farko da na biyu suna bin layi ɗaya tak a cikin dubban layukan kakanni. Na ukun ne ke ba da hoto mai faɗi.

Ciro DNA daga ƙashin da ya shekara dubbai a ƙasa aiki ne mai wuya. Zafi da danshi suna ragargaza shi, kuma gumin hannun wanda ya tono ƙashin ma na iya gurɓata shi. A 1985 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Svante Pääbo, ya ba da rahoton ciro DNA daga busasshiyar gawar wani yaro ta Masar, amma daga baya shi da kansa ya amince cewa mai yiwuwa na mutanen zamani ne ya shiga ciki. Wannan bai hana shi zama jagoran fannin ba, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2022. A yau masana sun fi dogara da haƙora da wani ƙashi mai tsananin tauri da ke kewaye da cikin kunne, kuma suna gane tsohon DNA ta irin lalacewar da ke bayyana a bakin gutsattsarinsa.

Masar: gawarwaki da yawa, DNA kaɗan

Abin mamaki shi ne ƙasar da ta fi kowace shahara wajen adana gawa tana cikin waɗanda suka fi ba masana wahala, domin zafin ƙasar da gishirin da ake busar da gawa da shi suna cinye DNA.

Binciken farko da ya samu karɓuwa ya fito a 2017 a mujallar Nature Communications, daga masanan Jami'ar Tübingen da Cibiyar Max Planck a Jamus. Sun ɗauki samfuri daga gawarwaki 151 na maƙabartar Abusir el-Meleq da ke tsakiyar Masar, waɗanda aka binne tsakanin wajen 1400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa wajen 400 bayan haihuwarsa. Sun samu DNA na layin uwa daga 90, amma uku kacal suka ba da bayani daga faɗin kundin. Sakamakon ya nuna mutanen sun fi kusa da tsoffin mazauna yankin Sham da Anatoliya, kuma Misirawan yau sun fi su gadon Afirka ta kudu da Sahara da kimanin kashi 8 cikin 100, abin da masanan suka danganta da zirga-zirga ta Kogin Nilu da fatauci da cinikin bayi a ƙarnonin baya.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan sakamako, kuma masu sukar suna da hujja. Maƙabarta ɗaya ba ta wakiltar ƙasar da ta miƙe daga Bahar Rum har Aswan, gawarwakin kuma na zamanin da baƙi suka riga suka yi ta shigowa ne. Mutum uku ba su isa a yanke hukunci a kan daular da ta shekara 3,000 ba.

A watan Yulin 2025 mujallar Nature ta wallafa cikakken kundin farko na Bamisiren zamanin dā, aikin masanan Cibiyar Francis Crick da Jami'ar Liverpool John Moores a Ingila. Mutumin ya rayu shekaru 4,500 zuwa 4,800 da suka wuce, wato dab da zamanin da aka fara gina dalar Masar. An binne shi cikin wata babbar tukunyar yumɓu a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse a Nuwayrat, kilomita 265 kudu da Alƙahira, ba tare da an busar da gawarsa da magunguna ba, abin da wataƙila ya taimaka wajen tsirar DNA ɗin haƙorinsa. An tono shi a 1902 aka kai Liverpool. Kimanin kashi 80 cikin 100 na gadonsa ya yi daidai da na tsoffin mazauna Arewacin Afirka, sauran kashi 20 kuwa ya fi kama da na mutanen Mesofotamiya, inda Iraƙi take a yau. Alamun wahala a ƙasusuwansa sun sa ana zaton maginin tukwane ne da ya kai shekarun tsufa. Shi ma mutum ɗaya ne, kuma masu binciken sun faɗi hakan a fili.

Kan'aniyawa ba su ƙare ba

Kan'aniyawa su ne mazauna yankin da a yau ya ƙunshi Falasɗinu da Isra'ila da Lebanon da wani sashe na Jodan da Siriya, a shekaru dubu na biyu kafin Miladiyya. Mafi yawan abin da aka sani game da su ya zo ne daga bakin maƙwabtansu, shi ya sa aka daɗe ana muhawara ko an shafe su daga doron ƙasa.

A 2017 Marc Haber da abokan aikinsa na Cibiyar Sanger a Ingila suka karanta kundin mutum biyar da aka binne a birnin Saida kimanin shekaru 3,700 da suka wuce, suka kwatanta da na 'yan Lebanon 99 masu rai. Sun gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na gadon 'yan Lebanon na yau ya fito ne daga al'umma irin ta waɗannan mutane. Bincike mafi girma da mujallar Cell ta wallafa a 2020, a kan ƙasusuwan mutum 73 daga wurare biyar, ciki har da Megiddo da Hazor da Baƙ'ah ta Jodan, ya nuna Kan'aniyawa kansu gauraye ne na tsoffin manoman yankin da baƙin da suka gangaro daga ɓangaren tsaunukan Zagros da Kaukasus. Ya kuma nuna cewa Larabawan yankin da al'ummun Yahudawa da dama duk suna ɗauke da rabi ko fiye na gado mai alaƙa da wannan tushe. A yankin da ake zubar da jini a kan wane ne ɗan ƙasa, kowane ɓangare ya ɗauki jimlar da ta yi masa daɗi ya bar sauran, alhali binciken bai ba kowa takardar mallakar fili ba.

Saida ta sake ba da wani darasi a 2019. A wani rami da aka tara gawarwakin mayaƙan Salibiyya na ƙarni na 13, an gwada tara: uku Turawa ne, huɗu 'yan yankin, biyu ruwa biyu. Amma a jinin mutanen Lebanon na yau da ƙyar ake ganin sawun waɗannan Turawa. Runduna na iya mulkin ƙasa shekara 200, jininta ya narke cikin na talakawan da ta tarar.

Finikiyawa: al'ada ta yi tafiya, jini bai bi ta ba

Finikiyawa jikokin Kan'aniyawa ne na biranen gaɓar teku, Sur da Saida da Jubail. Su ne suka yaɗa baƙaƙe 22 da rubutun Girka da na Latin, har da bokon da ake rubuta Hausa da shi, suka samo tushe daga gare su. Sun kafa birane a Tunisiya da Sisili da Sardiniya da Sifaniya, mafi girmansu Kartaj, wadda Rumawa suka rushe a 146 kafin Miladiyya.

A 2008 wani bincike ƙarƙashin Pierre Zalloua ya duba kuromosom na Y na mazan da ke raye a tsoffin mazaunan Finikiyawa, ya yi hasashen cewa namiji ɗaya cikin 17 a waɗannan wurare na iya zama jikansu ta wajen uba. Wannan ne ya yayata reshen da ake kira J2 a matsayin tambarin Finikiyawa, duk da cewa reshen ya girme su da dubban shekaru kuma ana samun sa daga Indiya har Italiya. Da aka koma kan ƙasusuwan kansu sai labari ya sha bamban. A 2016 an gano cewa wani saurayi da aka binne a tudun Byrsa na Kartaj shekaru 2,500 da suka wuce yana ɗauke da layin uwa na Turai.

Sai a Afrilun 2025 Harald Ringbauer da David Reich da abokan aikinsu suka wallafa a Nature nazarin mutum 210, mafi yawansu daga wurare 14. Mazauna biranen Finikiyawa na yammacin Bahar Rum, daga ƙarni na 6 zuwa na 2 kafin Miladiyya, suna magana da harshen Finikiyawa, suna bauta wa gumakansu, amma gadon Sham a jikinsu ɗan ƙalilan ne. Mafi yawan asalinsu ya yi kama da na mutanen Sisili da Girka, sai kuma na Arewacin Afirka. Har an samu dangi biyu na kusa, ɗaya binne a Tunisiya, ɗaya a Sisili. Akwai giɓi guda: kafin wajen 600 kafin Miladiyya Finikiyawa ƙona gawa suke yi, don haka waɗanda suka fara kafa biranen ba su bar abin gwadawa ba.

Ina ƙasar Hausa a ciki?

Danganta asali da Gabas tsohon abu ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a littafinsa Infaƙul Maisuri ruwayar cewa Gobirawa daga Ƙibɗawan Masar suke, Yarbawa kuma daga zuriyar Kan'ana. Akwai labarin Bayajidda daga Bagadaza, akwai na Saifawan Barno daga Yaman. Masana tarihi suna ɗaukar waɗannan ruwayoyi da muhimmanci a matsayin shaidar yadda gidajen sarauta ke kallon kansu, amma gwajin yawu ba zai tabbatar da su ba, ba zai kuma ƙaryata su ba, domin baƙo ɗaya ko ayari ɗaya na iya kafa sarauta ba tare da ya sauya jinin jama'a ba.

Abin da ya tabbata shi ne dangantakar harshe. Hausa da sauran harsunan Cadi 'yan gida ɗaya ne da Larabci da Ibrananci da Finikanci da tsohon Misiranci, a babban rukunin Afro-Asiya, sai dai rabuwarsu ta girmi Fir'aunan farko da dubban shekaru. Ta fuskar jini kuma, binciken Fulvio Cruciani na 2010 ya nuna wani reshen layin uba mai suna R1b-V88 ya yi yawa a tsakanin masu harsunan Cadi, musamman a arewacin Kamaru, ana kuma samun sa a tsakanin Hausawa. Ana ganin ya ratso Sahara ne tun tana kore, shekaru dubbai kafin a san da Kartaj. Ba shaidar zama jikan Fir'auna ba ce.

Lissafin da tallar ba ta faɗa

Kowa na da iyaye biyu, kakanni huɗu, kakannin iyaye takwas. A tsara ta 10 adadin ya kai 1,024, kuma da yawa daga cikinsu ba su bar wa mutum ko gutsuren DNA ba, duk da cewa kakanninsa ne na haƙiƙa. A tsara ta 30, wato ƙasa da shekara 1,000, lissafin ya haura biliyan ɗaya, fiye da yawan mutanen duniya a lokacin, saboda layuka suna ta haɗuwa a kan mutane ɗaya. Tsakanin yau da Kan'aniyawan Saida akwai tsara fiye da 120. A irin wannan nisa, duk wanda ya bar zuriya mai ɗorewa ya zama kakan miliyoyin mutane a nahiyoyi da dama.

Saboda haka idan sakamako ya ce wa mutum kashi kaza nasa Finikiyawa ne, abin da kwamfuta ta yi kawai shi ne kwatanta 'yan dubban ɗaruruwan wurare a kundinsa da tsirarun ƙasusuwan da ke rumbunta, ta zaɓi wanda ya fi kusa. Tsoffin samfura daga Afirka ta Yamma kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Mafi shahara a kusa su ne yara huɗu na kogon Shum Laka a Kamaru, da aka wallafa bincikensu a 2020. Idan babu kakannin Bahaushe a rumbun, dole na'ura ta jingina shi da wanda ta samu, kuma wani kamfanin na iya ba shi amsa daban da yawu ɗaya.

Akwai kuma batun sirri. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 na kamfanin 23andMe, kuma a Maris na 2025 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, abin da ya tayar da tambayar hannun wa bayanan za su faɗa. Wanda ya aika yawunsa ya aika har da wani sashe na bayanan 'ya'yansa da 'yan'uwansa, waɗanda ba a nemi izininsu ba.