In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Tarihin Korar Ɓera Daga Gida

Da zarar rani ya kama aka fara jin labarin zazzaɓin Lassa a rediyo, sai saƙonni su cika WhatsApp: a ɗiga man na'ana'a a auduga, a barbaɗa barkono a lungu, a ajiye tafarnuwa a bakin rami, wai ɓera zai yi ƙaura. Kafin mu ce e ko a'a, bari mu waiwaya mu ga abin da na baya suka gwada.

Rigimar ta samo asali ne daga noma. Ranar da ɗan Adam ya fara tara hatsi, ranar ɓera ya tare a gidansa, kyanwar daji kuma ta biyo ɓeran. A tsibirin Saifurus masu tonon tarihi sun gano wani kabari mai shekara kusan 9,500, an binne mutum da kyanwa a gefensa. Tsibirin ba shi da kyanwa tun asali, wato a jirgin ruwa aka kai ta. Ka ga maganin ɓera na farko ke nan, kuma har gobe tana aiki, sai dai ba kowace mage ke iya tunkarar ƙaton ɓera ba, balle gafiya.

Bayan kyanwa sai tsirrai. A gaɓar tekun Bahar Rum akwai wata albasar daji da aka daɗe ana busarwa, a daka, a cuɗa da abinci a ajiye wa ɓera. Sirrinta yana da ban sha'awa: ɓera ba ya iya amai. Kare ko mage in suka ci, galibi sai su amayar, shi kuwa ɓera dafin ya zauna masa a ciki. Har Amurka ake kai wannan albasa, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar. Wannan ya sa aka dukufa neman madadi, har Curt Richter na Jami'ar Johns Hopkins ya fito da gubar ANTU aka gwada ta a birnin Baltimo.

To amma akwai matsalar da ta addabi duk waɗannan magunguna. Ɓera ba ya afka wa baƙon abinci. Zai ɗanɗana kaɗan ya jira. In cikinsa ya murɗa, ya bar wannan abincin ke nan. Abin da ya karya masa wannan dabara ma daga ciyawa ya fito. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada, bayan sun ci harawar da ta yi fumfuna. Karl Paul Link da ɗalibansa a Jami'ar Wiskonsin suka ware sinadarin da ke hana jini daskarewa, daga nan aka samar da wafarin a 1948. Shi a hankali yake kisa, cikin kwanaki, don haka ɓera ba ya gane abin da ya cuce shi. Murna ta koma ciki a 1958, lokacin da aka samu ɓerayen da wafarin ba ya kashewa a wata gona a Sikotilan.

Yanzu mu dawo kan na'ana'a da barkono. Gaskiya ne ɓera yana da hanci mai kaifi, kuma sabon wari kan sa shi ja da baya. Amma warin yana bin iska cikin 'yan kwanaki, shi kuma yana sabawa. In akwai buhun masara a buɗe, yunwa ta fi ƙarfin na'ana'a.

Maganin gargajiyar da bai taɓa tsufa ba shi ne rumbu. Kakanninmu sun ɗora shi a kan duwatsu don ya rabu da ƙasa, suka shafe jikinsa da laka sumul, suka bar ƙofa ɗaya a sama suka rufe. Ba su kori ɓera da wari ba, hanya suka toshe masa.

Wannan darasi ya fi nauyi a yau. An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, daga baya aka tabbatar cewa ɓeran nan mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan abinci. Saboda haka a zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, a toshe ramuka da siminti, a kwashe shara nesa da ɗaki, a daina shanya abinci a ƙasa, kada kuma a ɗauki mushen ɓera da hannu tsirara. Mai son ƙamshin na'ana'a ya sa abinsa, ba laifi. Amma a fara rufe daddawar tukuna.