Tarihin Kalmar "Haba"

Haba kalma ce ta motsin rai a Hausa, wadda baki kan furta idan kunne ya ji abin da hankali ya ƙi ɗauka. Dabam take da haɓa, gaɓar da gemu ke tsirowa a kai. Lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba su a rubutu. Haba tsohuwar kalma ce, tana cikin ƙamusun da Bargery ya wallafa a 1934.

A bakin Bahaushe aikinta ya wuce ƙin yarda. Wanda aka gaya wa labarin da bai gamsu da shi ba zai ce "haba dai!" Mai lallashi kuwa sassauta murya yake yi ya ce "haba mana, yi haƙuri." Uwa na tsawatar wa ɗanta da ita. Akwai kuma wadda ke fitowa lokacin da zare ya warware, mutum ya gano bakin al'amari ya ce "haba, shi ya sa!" Wannan ta ƙarshe gaskatawa ce tsantsa. Murya da jan wasali su ke bambance su duka.

Kalmar ta fita daga ƙasar Hausa ne a bakin fatake, masu safarar goro da shanu, waɗanda suka kafa unguwanni irin su Sabo ta Ibadan. Bariki ma ya taimaka, domin Hausa ce harshen da sojojin mulkin mallaka na Arewa ke magana da shi. Ta haka ta bi sahun "wahala" zuwa Yarbanci da Turancin buroka.

Unguwar Kado a Abuja wuri ne da ake jin wannan cuɗanya da kunne. Tun da aka mayar da hedikwatar ƙasa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, ƙabilu ke kwararowa yankin da asalinsa na Gbagyi ne. A kasuwar kifi ta Kado, mai saye da bai iya ko gaisuwa da Hausa ba zai ji farashin tarwaɗa, ya ja da baya ya ce "haba!" Mai kifin ya mayar masa da tasa, "haba, Oga," a tausashe, alamar ƙofar ciniki a buɗe take.

Sai dai aron bai ɗauki kayan duka ba. A Turancin Najeriya an fi amfani da ita wajen mamaki da ƙorafi, ta gaskatawar kuwa har yanzu a bakin Hausawa aka fi jin ta.