Tarihin Sukar Labaran Soyayyar Mashaya Jini a Amurka

Gabatarwa

Labaran soyayya tsakanin budurwa da mashayin jini suna cikin ƙagaggun labaran matasa da suka fi shan suka a Amurka daga 2005 zuwa 2012. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan suka, domin a nuna cewa iri biyu ce aka cuɗanya: wadda ta dubi littafi da taurarinsa, da wadda ta dubi 'yan matan da ke karanta shi.

Asalin Mashayin Jini

Abin da Turawa ke kira bamfaya ya bambanta da maye. Maye rayayyen mutum ne mai kama kurwa, shi kuwa bamfaya gawa ce da ke fitowa daga kabari da dare ta tsotsi jinin masu rai. Camfin ya bazu a Yammacin Turai bayan rahotannin da jami'an daular Ostiriya suka rubuta daga ƙauyukan Sabiya a 1725 da 1732, inda aka tone gawawwakin da ake zargi aka soke su da tsinin itace.

Adabi ne ya tufatar da wannan gawa. A 1819 John Polidori ya fito da The Vampyre, ya mai da shi basarake mai yaudarar mata. Sheridan Le Fanu ya biyo da Carmilla a 1872, sannan Bram Stoker da Dracula a 1897. A duk waɗannan mashayin jini abokin gaba ne, budurwa kuwa abin farautarsa ce. A 1976 Anne Rice ta sauya lamarin da Interview with the Vampire, inda ta ba shi baki ya faɗi nadamarsa da kansa. Da ya sami tausayin mai karatu, sai hanyar neman aure ta buɗe masa. Annette Curtis Klause a 1990 da L. J. Smith a 1991 suka haɗa shi da 'yan mata masu shekarun sakandare, kana Stephenie Meyer ta fitar da Twilight a 2005, ta bi shi da New Moon a 2006, Eclipse a 2007 da Breaking Dawn a 2008. An sayar da fiye da kwafi miliyan 100 na jerin, aka kuma yi finafinai biyar daga 2008 zuwa 2012.

Sukar Littafi da Taurarinsa

Ta fuskar salo, an zargi Meyer da maimaici da yawan siffanta kyawun namiji. A wata hira ta 2009 Stephen King ya yaba rubutun J. K. Rowling, ya kushe na Meyer.

Sukar da ta fi nauyi ta faɗa ne kan taurari. Edward Cullen an haife shi a 1901, ya zama mashayin jini a annobar mura ta 1918, ya tsaya a siffar ɗan shekara 17. Yakan shiga ɗakin Bella Swan da dare ba da saninta ba, yana kallonta tana barci. A Eclipse ya cire wani sashe na injin motarta don kada ta ziyarci Jacob Black. Manazarta masu kare haƙƙin mata suka ce wannan mallaka ce aka shafa mata zuma, kuma hatsarin shi ne yarinya ta tashi tana ɗaukar tsaro da kishi a matsayin shaidar ƙauna. Ita kuma Bella an ce ba ta da wani buri bayan saurayi. Da ya rabu da ita a New Moon, marubuciyar ta bar shafuka huɗu ba komai cikinsu sai sunayen watanni, daga Oktoba zuwa Janairu, wato rayuwa ta tsaya cik. A littafin ƙarshe ta yi aure tana da shekara 18, ta riƙe cikin da ya kusa halaka ta. Wasu suka danganta wannan jigo na kamewa kafin aure da ƙin zubar da ciki ga aƙidar Meyer, wadda mabiyiyar ɗarikar Momon ce. Abin mamaki, Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta sa jerin cikin littattafai goma da aka fi neman a kawar a 2009, bisa koken cewa akwai batsa a ciki. Ke nan wasu sun ga tsattsauran addini, wasu sun ga fitsara, duk a littafi guda.

Akwai kuma batun Quileute, ƙabila ce ta ainihi ta 'yan asalin Amurka da ke zaune a La Push, jihar Washington. Meyer ta ari sunansu ta mai da samarinsu masu rikiɗa kyarkeci, abin da ya saɓa wa labarunsu na gargajiya. Gidan tarihi na Burke da ke Seattle sai da ya shirya bayani na musamman don rarrabe al'adarsu da ƙagen littafin.

Sukar Masu Karatu

Suka ta biyu ba ta tsaya buɗe littafin ba. A shekarun finafinan, ba'a ga Twilight ta zama ruwan dare, kuma akasarinta kan 'yan mata ta sauka, da iyaye mata masu sha'awarsa: ihunsu a gidajen silima, da rabuwarsu gida biyu tsakanin Edward da Jacob. Finafinan faɗa da aka shirya wa samari a lokacin, masu raunin zubi iri ɗaya, ba su jawo wa masu kallonsu irin wannan reni ba.

Wannan tsohuwar ɗabi'a ce. Tun ƙarni na 18 ake faɗakar da iyaye a Ingila cewa ƙagaggun labarai na lalata tunanin 'ya'ya mata, har Jane Austen ta mayar da martani a Northanger Abbey na 1817. Tushen zargin guda ne: wai yarinya ba ta iya bambanta abin da ta karanta da abin da za ta aikata. Wanda ya san muhawarar da aka yi kan littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990 ba zai ji baƙon wannan zance ba.

Meyer ta amsa a 2015 da Life and Death, inda ta juya jinsin taurarin, Bella ta zama Beau, Edward ya zama Edythe, don ta nuna raunin Bella na ɗan'adamtaka ne, ba na mace ba. A 2018 kuma mai sharhi Lindsay Ellis ta fito fili ta nemi afuwar Meyer, tana ganin ƙyamar ta zarce laifin littafin.

Kammalawa

Afuwar ba ta wanke Edward ba, ba ta kuma biya Quileute ba. Abin da ta warware shi ne cuɗanyar da aka yi. Hujja kan halin tauraro ana iya nuna ta a shafi, a tattauna ta da ɗaliba a aji. Hukunci kan hankalin mai karatu kuwa zato ne, kuma malamin da ya soma da shi ya rufe ƙofar tattaunawar tun bai shiga ba.