Ciwon sanyi da ƙuraje a gaban mace mai ciki: abin da ya kamata mu sani

'Yan uwa, kalmar "sanyi" da muke amfani da ita ta haɗe cututtuka dabam-dabam, kuma kowace da nata magani. Shi ya sa maganin da ya yi wa maƙwabciya amfani yake iya cutar da mai ciki da abin da ke cikinta.

Ruwan da ba ciwo ba ne

Mai ciki takan ga farin ruwa ya ƙaru a gabanta saboda canjin jiki. Idan ba ya wari, ba ƙaiƙayi, ba zafi, to lafiya lau ne.

Ruwan da ke nuna ciwo

Idan ruwan fari ne mai kauri kamar kindirmo, tare da ƙaiƙayi, yawanci ciwon kandida ne. Ana maganinsa da ƙwayar cusawa irin su clotrimazole na kwana 7, ba da ƙwayar sha ba. Idan ruwan tsinkakke ne mai ƙarni kamar na kifi, ƙwayoyin cuta ne suka rinjayi masu amfani a farji, kuma hakan yana iya jawo haihuwar bakwaini. Ruwa mai launin rawaya ko kore, mai kumfa ko mugunya, yakan zo daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wasu daga cikinsu suna kama idon jariri wajen haihuwa, har su makantar da shi.

Ƙuraje da kumburi

Wasu ba su da haɗari: ƙurjin gashi bayan aske gaba, ko jijiyoyin da suka kumbura saboda nauyin ciki, waɗanda sukan sace bayan haihuwa. Kumburi a gefe guda na bakin farji yakan zama toshewar mafitar ruwa ce. Idan ya yi zafi da mugunya sai an duba shi.

Akwai kuma ƙananan tsiro masu kaushi da ƙwayar HPV ke kawowa, waɗanda sukan ƙara girma lokacin ciki. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi kuwa alamar hapis ce. Idan ta fara kama mace a watanni 3 na ƙarshe, haɗarinta ga jariri babba ne, har likita yakan zaɓi tiyata.

Mafi yaudara shi ne tunjere. Gyambonsa ba ya zafi, kuma yakan warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6, alhali ciwon yana nan cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 tunjere ya jawo haihuwar gawa da mutuwar jarirai fiye da 200,000. Ga shi kuwa gwajin jini a wurin awo yana gano shi, allurar fenisilin kuma tana warkar da shi.

Abin da za mu kiyaye

Kada a matse ƙurji, kada a yanke shi ko a ƙona shi. Kada a cusa kanwa, sabulu ko maganin matsi. Wanke waje da ruwa mai tsabta ya isa. Kada a sayi ƙwayoyi a hannun masu talla, domin wasu, kamar doxycycline, ba a ba mai ciki su. A garzaya asibiti idan akwai jini, zazzaɓi, ciwon mara, fashewar ruwa, ko motsin jariri ya ragu.

Kira ga magidanta

Idan aka ce ciwon na saduwa ne, dole a yi wa miji magani tare, ko da bai ji komai ba. In ba haka ba zai sake mayar mata. Kuma kada mu yi saurin zargi: kandida ba daga wani ake ɗaukarta ba, wasu cututtukan kuma sukan ɓuya shekaru kafin su bayyana. Mu ba iyalanmu izini da kuɗin zuwa awo da wuri. Mace kuma ta faɗa wa ungozoma ko likita abin da ta gani, kada kunya ta hana ta. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.